Aikin da Aka Samo wa Fiddausi

Duk wanda ya zauna a Arlit ya san Mushe Ɗalhatu, in bai san sunansa ba ya san sandarsa. Farar sanda ce ta ƙarfe mai naɗewa, kuma ba lallaɓa ta yake yi ba, dukan ƙasa yake da ita kamar ƙasar ta yi masa laifi. Makaho ne tun yana yaro, mutumin Damagaram, dogo, mai saurin fushi da saurin hucewa, ko da yake hucewar ta fara nawa tun da girma ya kama shi. A zamanin da garin ke gari, shi ne mai haɗa waya a wani babban buro, wato ofishin masu haƙar uraniyom. A kira daga Yamai ko daga ƙetare, shi zai ɗauka, ya gai da mutum da Faransanci mai santsi, ya tura shi wurin wanda yake nema. Da wannan aikin ya yi aure, ya gina gida. Da salula ta zo ta shiga aljihun kowa, sai aka gode masa, aka sallame shi.

Daga nan ya koma koyarwa. An ba shi ɗaki guda a ƙuryar wata lakwal, wato makarantar boko, kusa da randunan ruwa, ya tara yara makafi, suna kiransa Mushe, yadda ake kiran malamin boko. Da safe yana koya musu rubutun makafi, wanda ake hudawa da tsinke a karanta da yatsa, da lissafi da Faransanci. Da la'asar kuma saƙar kujeru da gadaje da igiyar roba, don ya ga yadda nasa aikin ya mutu a hannunsa, ya ce gara ya ba su abin da ba a ajiyewa a aljihu. A garin da ba a iya kwana a ɗaki rabin shekara saboda zafi, gadon saƙa ba ya rasa mai so.

Koyarwar ba ta taɓa gagararsa ba. Abin da ke bayanta ne ke cin ransa. Yaro ya gama, a yi masa tafi, a kai shi gida, ya zauna. Ba a jimawa sai ka ji muryarsa a ƙofar masallaci. Mushe Ɗalhatu kuwa da muryoyi ya ci abinci, ba ya mance ko ɗaya. Yakan zo wucewa ya ji wanda ya koya wa karatu yana jan baitin roƙo, su kuma da sun ji dukan sandarsa sai su yi tsit har ya wuce. Wannan shirun ya fi yi masa ciwo a kan roƙon.

Shi ya sa da Fiddausi ta zo gamawa ya rantse a ransa ba za a yi haka da ita ba.

Fiddausi 'yar wani lebura ce mutumin Kance, wanda ya zo aikin ramin uraniyom a Akokan, nan gefen Arlit, tun ba a haife ta ba. Ƙyanda ce ta tafi da idanunta tana ƙarama, uwarta ta rasu ba da jimawa ba. Da aka rufe ramin Akokan uban ya zauna ba aiki, ya yi shekara yana tari, shi ma ya bi. Maƙwabta suka riƙe ta, riƙo irin na mutanen da su ma da ƙyar suke ɗora tukunya. Yarinya ce mai ƙarancin magana, amma in ta buɗe baki da Faransanci sai ka rantse a rediyo ta tashi. Hannunta kuma a kan igiya ba a magana. In ta saƙa kujera, Mushe yakan buga saƙar da tafin hannu ya ji ta yi ƙara kamar ganga, ya ce wa sauran, "To, ku ji yadda ake yi, ba irin naku ba da mutum zai zauna ya tsinci kansa a ƙasa."

Ana cikin haka ƙanwar uwarta, Inna 'Yargata, ta sauka daga Kance. Ba ziyara ta kawo ta ba. Arlit zango ce ga matan da ke haurawa Aljeriya bara, su da yara da nakasassu. Sukan taru a wasu gidaje a bayan tasha har ayari ya cika, a loda su a mota a nufi Asamaka, daga nan sai Tamanrasset, masu ƙarfin hali su zarce har biranen bakin teku. Wasu sukan dawo da abin gina ɗaki. Wasu a koro su da kayan jikinsu. Wasu kuma sahara ce ta san inda suke. 'Yargata ta je ta dawo har ta san hanyar kamar hanyar rijiya, kuma ta zo ne ta tafi da 'yar 'yar'uwarta.

Ita da kanta ta zo lakwal ta same shi. Ya ji ƙamshin turaren da ba na nan ba, ya ji ta ja benci ta zauna ba a ce ta zauna ba.

"Malam, sannu da ƙoƙari. An ce kai ka riƙe mana yarinyar nan da karatu. Allah ya saka."

"Amin. An ce kuma ke kika zo ki kai ta bara."

'Yargata ta yi 'yar dariya, ba ta ji haushi ba. "Malam, ka faɗi sunan abin yadda kake so. Ni dai na san gidan da take ba su da abin ba ta. Ni ma ba ni da shi. A can kuwa mai lalura irin tata ba ya wuni da yunwa."

"Ta iya sana'a. Ta fi masu ido iyawa."

"To ina aikin?"

Ya juya sandar a hannunsa, ya ce ta ba shi lokaci. Ta ce ayarinsu bai cika ba tukuna, kuma direban da ta yarda da shi bai dawo ba. In ya samo wa yarinyar aiki na gaske kafin nan, aikin da za ta ci ta sha ta biya wa kanta sabulu, to ita ba muguwa ba ce, za ta bar ta. In bai samo ba, kada ya tare mata hanya.

Mushe Ɗalhatu yana da ƙa'ida guda a wajen nema wa ɗalibansa aiki, kuma yana ji da ita. Ba ya roƙo. Yakan sa rigarsa mai guga, ya sa a ɗauko masa kujera guda ta saƙar ɗalibin a kan amalanke, ya je ya ce, "Ga aiki nan, ku duba. In ya yi muku, ga mai yinsa." Bai taɓa cewa a taimaka ba, bai taɓa haɗa kowa da Allah ba. Yakan ce wa yaran duk ranar da ka ce "a taimaka", ka sauko daga layin ma'aikata ka koma layin masu jira, kuma daga can ba a hawowa da sauƙi.

Da wannan ƙa'idar ya zaga gari. Ya je buro-buro, inda aka ba shi kujera da ruwan sanyi, aka ce masa masu ido biyu ma ga su nan an sallame su daga rami suna yawo. Ya je wurin wata ƙungiya, suka yaba, suka ɗauki hotonsa da kujerar, suka ce shirinsu na bana na kiwon awaki ne. Ya je wurin masu ƙera gadaje a bakin kasuwa. Ɗaya ya zauna a kan kujerar ya yi ta lilo yana "Masha Allah", sannan ya ce shi 'ya'yan yayansa ma sun ishe shi. Har Tchirozérine ya aika saƙo wurin wani tsohon abokin aikinsa, ko a wajen masu kwal za a samu, amsar ta dawo da gaisuwa mai yawa ba komai a cikinta. Kullum ya dawo gida ƙafafunsa sun kumbura, matarsa Mairamu ta zuba masa ruwa a kwano ba ta tambaye shi komai ba, don ta san amsar daga yadda ya jefar da sandar.

Wata Alhamis Fiddausi ta tsaya bayan an tashi, ta ce masa a hankali, "Mushe, direban ya dawo. Inna ta ce in fara wanke kayana."

Saura wuri guda da bai gwada sosai ba, shagon Alhaji Ramalan, Bakatsine, mai sayar da gadaje da kujeru a kan babban titi, wanda ke da masu walda da masu saƙa a bayan shagon. Ya je sau biyu bai same shi ba. Aka ce masa in yana son ganin Alhaji ido da ido, sai dai ranar Juma'a bayan an sauko, lokacin da yake tsayawa a gefen motarsa yana raba sadaka.

Da Mushe Ɗalhatu ya tsaya ya yi tunani, da ya san ba ranar ba ce kuma ba wurin ba ne. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Aka sauko daga masallaci, rana tana dukan tsakiyar kai, ya kutsa cikin taron yana bin muryar Alhajin. Ba kujera, ba amalanke, don ba ta yadda za a shiga da su. A dama da hagunsa guragu ne da makafi da tsofaffi, kowa hannu a miƙe. Ya ji muryar wani tsohon ɗalibinsa dab da kafaɗarsa ta ɗauke. Ya fara magana yadda ya saba, cewa akwai yarinya mai sana'a, amma hayaniya ta cinye maganar. Ya ji an buɗe ƙofar mota. Sai wani abu ya tsinke masa, ya lalubo hannun rigar Alhajin ya riƙe, ya ɗaga murya:

"Alhaji, don Allah, don Annabi. Marainiya ce, makauniya, ba uwa ba uba. Za a tafi da ita Aljeriya. Ka taimaka ka ɗauke ta a shagonka, Allah ya ba ka ladan."

Alhaji Ramalan mutum ne mai taushin zuciya, kuma ba a haɗa mutum irinsa da Allah da Annabi a ƙofar masallaci ranar Juma'a, a gaban jama'a, ya ce a'a. Ya dafa hannun Mushen ya ce, "Subhanallahi. Malam, ai ba sai ka yi haka ba. A kawo ta gobe. Ta zama ɗiyata." Mutane suka yi ta sa albarka. Mushe Ɗalhatu ya koma gida kunya na cinsa, amma ya ce wa kansa ba komai, ƙofa ce, ta ko'ina aka shiga an shiga. In ta zauna ta saƙa gado guda, hannunta zai yi sauran bayanin.

Washegari shi ya raka ta har bakin shagon, ya damƙa ta, ya ce ta riƙe mutuncinta. Ya aika wa 'Yargata cewa an samu. Ta aiko da cewa madalla, za ta gani. Ayarin farko ya tashi ba ita, ta ce za ta jira na gaba, ƙafarta na ciwo.

Makonnin da suka biyo baya Mushe ya yi su da ƙafa marar nauyi. Ya dinga ba yara labari a aji, "Yayarku Fiddausi tana aiki a babban titi. Wanda ya yi wasa da igiya shi ya sani." Ya daina dukan ƙasa da ƙarfi. In ya haɗu da ita ta zo gaishe shi, yakan tambaya, "Ya aikin?" Ta ce, "Da godiya, Mushe." "Alhaji yana biyanki?" "Yana ba ni." "Ba a takura miki?" "Ko kaɗan." Duk gaskiya ta faɗa masa. Shi ne bai tambayi gado nawa ta saƙa ba, kuma mai yiwuwa wani ɓangare na zuciyarsa ne bai so ya tambaya ba.

Ranar da ya je shagon ba da wata manufa ya je ba. Igiyar aji ce ta ƙare, ya ce bari ya saya a wurin Alhaji, ya kuma ji yarinyar tana aiki da kunnensa. Tun daga nesa ya jiyo ƙarar injin walda da bugun guduma daga bayan shago, da wannan kukan da igiyar roba ke yi in an ja ta an ɗaure. Ya nufi wajen, yana murmushi. Kafin ya kai ƙofa ya ji wani ƙaramin sauti a gefen dama, a waje, ƙarƙashin rumfa. Ƙarar kuɗin ƙarfe ne ya faɗa a faranti. Wani mai wucewa ya ce, "A yi mana addu'a, baiwar Allah." Wata murya ta amsa, ƙasa-ƙasa, "Allah ya biya bukata."

Ya tsaya cak. Ko a cikin kasuwar duniya ne zai gane muryar nan.

"Fiddausi."

Ta ji sandar tun daga kwanar titi, kuma ta yi irin shirun da sauran ke yi.

"Na'am, Mushe."

"Me kike yi a nan?"

"Nan aka ajiye ni."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka kawo ni."

Ya miƙa sandar, ta taɓa ƙafar kujera, ta taɓa bakin farantin da ke ƙasa, farantin ya yi ƙara. Ya shige shagon yana ture abin da ya tare shi.

Alhaji Ramalan ya tarbe shi da murna ta gaske, ya sa a kawo lemo. Da ya ga fuskar Mushen sai ya rage murya. "Lafiya dai, Malam?"

"Alhaji, aiki na ce ka ba ta. Saƙa. Ka ajiye ta a bakin titi da faranti."

"Farantin ai ni na sa a kawo mata," in ji Alhaji, da muryar wanda ke jiran a gode masa. "Mutane ne ke jefa mata a cinya, yana zubewa cikin rairayi, yara na tsincewa. Na ce a'a, haƙƙinta ne. Kuma ban da wannan duk mako ina ba ta nata, daidai da na masu saƙa, ko ka tambaye ta. Abincin rana daga gidana ake kawo mata."

"Ba ta saƙa ko kujera ɗaya ba?"

"Haba Malam. Can baya wuta ce da ƙarafa, ga maza zalla. In tartsatsi ya faɗa mata fa? Kuma ka duba mani, ni Ramalan, a garin nan, a ce na ɗauko marainiya makauniya na sa ta jan igiya har hannunta ya fashe, don in sayar in ci riba? Me zan ce wa Allah? Me mutane za su ce? Kai da bakinka ka ce in taimaka don Allah. Abin da aka yi don Allah ai ba a neman aiki a bakinsa."

Fushin da Mushe Ɗalhatu ya shigo da shi ya rasa inda zai sauka, don mutumin da ke gabansa bai ci amanarsa ba. Abin da ya roƙa a ƙofar masallaci shi aka ba shi, ba ragi. Ya sassauta murya, ya fara bayanin da ya kamata ya yi tun farko, cewa yarinyar ta fi duk masu saƙar bayan shagon, a ba ta gado guda a gwada, a kusurwa, nesa da wuta. Alhaji ya saurara da ladabi. Ya ce to, zai duba, bari zafin nan ya ragu. Ya ƙara da cewa shi dai tun da ta zo ciniki ya buɗe masa, yana ganin albarkarta ce, ba ya son ya taɓa abin da ke tafiya daidai. Mushe ya san irin wannan "zan duba", ya sha ta a buro-buro. Ya fito bai sayi igiyar ba, bai taɓa lemon ba.

A waje ya tsuguna kusa da kujerarta, abin da bai taɓa yi a gaban ɗalibi ba.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na ji kana gaya wa yara ina aiki. Na ji yadda kake faɗa."

"Ki ƙara haƙuri. Zan sake magana da shi. In ya ƙi, in nemo wani wurin."

"Mushe, na roƙe shi ni ma. Ranar farko na laluba na shiga baya, na ɗauki igiya. Ya zo da gudu ya karɓe, har yana yi wa yaransa faɗa don sun bar ni. Da na sake, sai ya ce in ina son ya ji daɗi in zauna kawai." Wata mata ta wuce, farantin ya sake ƙara, Fiddausi ta yi mata addu'a kafin ta ci gaba, kuma addu'ar ta fito sumul, ba tuntuɓe. "Inna tana zuwa kullum ta zauna can tsallake. Ba ta ce mini komai ba. Jiya ne ta ce, tun da dai zaman ne, me ya sa zan yi shi a garin da kowa ya san ubana?"

"Ba za ki je ba."

"A nan, Mushe, yaran ajinmu suna wucewa. 'Yan'uwansu masu ido suna gaya musu. Ran nan wata ta tambaye ni ko wannan ne aikin da za a samo musu su ma."

Ya tashi da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya so ya yi mata tsawa irin ta aji, amma ba shi da abin da zai ɗora a bayan tsawar.

Bai zauna ba. Ya koma wurin masu gadajen bakin kasuwa, wannan karon da kujera da amalanke da rigar guga. Labari ya riga shi. Duk inda ya je sai a ce, "Ai yarinyar tana wurin Alhaji Ramalan, ya riƙe ta tsakani da Allah, wa zai raba ta da arzikinta?" Wani ma ya ba shi shawara kada ya zama mai butulci. Ya yi tunanin ya sayo ƙarafa da igiya ta dinga saƙa a gidansa, Mairamu ta ce ba ta ƙi ba, amma ya tuna wa zai saya, tun da masu sayen duk a shagunan nan suke tsayawa, kuma abin da ke shigo musu bai kai ƙarshen wata. Yana cikin wannan lissafin, wata safiya maƙwabciyar da ke riƙe da Fiddausi ta aiko cewa an zo an kwashi kayanta.

Ya fita neman motar ayarin. Ba a cikin tasha take ba, a wani fili ne a bayanta, inda ba a yawan tambaya. Ya same ta da kunne: kukan jarirai, ƙarar jarkokin ruwa ana ɗaure su a jikin mota, mata suna kiran sunayen yara da harshen Kance da Matamaye. Rana ba ta yi nisa ba amma ƙarfen motar har ya yi zafi da ya dafa shi. Ya kira sunan Fiddausi. Ta amsa daga sama, daga cikin kaya.

"Sauko," ya ce.

"Mushe, ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba. Sauko mu koma."

"In koma ina?"

Duk matan da ke motar suna jiran amsarsa tare da ita. Ya ji ƙamshin turaren nan ya matso. 'Yargata ta tsaya a gefensa, ta yi magana da taushi, kamar mai yi wa mara lafiya sannu.

"Malam, mun yi alkawari, kuma na cika nawa. Na jira har ayari guda ya wuce ni. Ka yi iyakar yinka, kowa ya shaida."

"Hanyar nan tana cin mutane."

"Zama ma yana ci." Ta gyara mayafinta. "Kuma kada ka sa wa ranka cewa wahalarka ta tafi a banza. Mu da muke zuwa, hannu kawai muke miƙawa, ba mu iya ce musu komai ba. Ita kuwa ba a Tamanrasset zan tsaya da ita ba, har can manyan birane za mu wuce, inda masu hali suke jin Faransanci. In ta buɗe bakin nan nata ta gaya musu ita marainiya ce, yadda ka koya mata, wallahi ba wanda zai wuce ta. Duk motar nan ba mai abin da take da shi. Kai ka ba ta, Allah ya saka maka."

Direba ya tayar da inji. Wani ya kama Mushe Ɗalhatu a kafaɗa ya ja shi baya don kada taya ta taka shi. Ya ji Fiddausi ta ce wani abu, amma inji ya danne, bai san ko da shi take ba ko da matar da ke kusa da ita. Motar ta juya a hankali saboda nauyi, ta hau hanyar arewa. Ya tsaya yana bin ƙararta har ta gauraye da sauran ƙarar gari.

A lakwal yara sun riga sun zauna, ya ji ƙwanƙwasar tsinkensu tun daga wajen randuna. Ranar darasin Faransanci ce. Ya shiga, suka miƙe suka gaishe shi da baki ɗaya, da lafazi mai kyau, yadda ya hore su. Ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da sandarsa, ya daɗe bai ce su zauna ba.